Tarihin Kiɗan Rok da Pank a Ƙananan Gidajen Wasa, Daga 1973 Zuwa Yau

1.0 Gabatarwa

Idan ana karantar da tarihin kiɗa, akan fi mayar da hankali ga sunayen mawaƙa da faya-fayan da suka fitar, a manta da wurin da aka yi kiɗan. Ɗalibin adabin baka ya san illar wannan, domin ba a fahimtar kiɗan fada sai an san fada, ba a kuma fahimtar kiɗan ƴan dambe sai an san dandali. Wannan maƙala za ta ɗauki wani nau'in kiɗan Turawa, wato pank da sauran kiɗan rok mai zaman kansa, ta bi tarihinsa ta hanyar ɗakunan da aka yi shi a ciki.

Rok kiɗa ne na jita mai amfani da lantarki, da jita mai kaurin murya da ake kira bas, da ganguna, da mai waƙa. Ya samo asali ne a Amurka cikin shekarun 1950, daga kaɗe-kaɗen baƙaƙen fata da na mutanen karkara. Pank reshe ne na rok da ya ɓullo a tsakiyar shekarun 1970, mai sauri, mai kaushi, mai gajerun waƙoƙi. Idan kuma aka ce makaɗa masu zaman kansu, ana nufin waɗanda ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, su ne ke neman wurin wasa da kansu, su buga faifansu, su sayar.

Abin da za a nuna shi ne, ƙaramin gidan wasa mai ɗaukar mutum ɗari biyu ko ɗari uku shi ne makarantar wannan kiɗa. A can ne mai kallo yake tsayawa dab da makaɗi har ya ga yadda yatsunsa ke tafiya a kan tsirkiya, ya koma gida da tunanin cewa shi ma zai iya. Gani ya kori ji. Irin wannan ɗaki kuwa ba ya rayuwa sai inda haya take da araha, shi ya sa tarihinsa ya haɗu da tarihin talauci da arzikin birane.

2.0 Yadda rok ya yi nisa da masu sauraronsa

A farkon shekarun 1970, rok ya riga ya zama babbar kasuwa. Mashahuran ƙungiyoyi sun bar ƙananan gidaje sun koma filayen ƙwallo. A cikin watan Mayu na 1973, ƙungiyar Led Zeppelin ta yi wasa a filin ƙwallo na garin Tampa a Amurka a gaban mutum fiye da 56,000, kuma a wannan shekara ta riƙa yawon wasanninta cikin jirgin sama da ta yi shata. Wasu ƙungiyoyin sai da manyan motocin ɗaukar kaya suke iya kwashe na'urorinsu. Waƙa guda takan kai minti goma sha biyar ko ashirin, mai jita yana nuna gwanintarsa shi kaɗai na dogon lokaci.

Wannan yanayi ya haifar da tazara iri biyu. Ta farko ta ido ce: wanda ke bayan fili ba ya hangen komai sai fitilu da ɗan ƙaramin mutum can nesa. Ta biyu ta zuciya ce: yaron da ke kallo ya san ba shi da kuɗin sayen irin waɗannan kaya, ba shi kuma da shekaru goma na koyon irin wannan gwaninta. Ke nan rok ya zama abin da ake kallo a sha mamaki, alhali da farko abin da samarin unguwa ke yi ne a garejin gidajensu.

Ƙananan mashaya da gidajen rawa kuma ba su buɗe wa sabbin makaɗa ƙofa ba. Masu gidajen sun fi son ƙungiyar da za ta maimaita waƙoƙin da jama'a suka riga suka sani daga rediyo. Wanda ya shirya waƙarsa ta kansa, ba shi da faifai, ba shi da suna, da wuya ya samu inda zai tsaya ya rera ta.

3.0 Niyok: gidan CBGB

A ƙarshen 1973, wani mutum mai suna Hilly Kristal ya buɗe mashaya a lamba 315, titin Bowery, a birnin Niyok. A wancan zamani Bowery matattara ce ta mashaya da marasa wurin kwana, har ma a saman benen akwai wani masauki mai araha na irin waɗannan mutane. Birnin kansa yana cikin matsin tattalin arziki, domin a 1975 saura kaɗan hukumar birnin ta kasa biyan basussukanta. Masu hali sun ƙaura zuwa bayan gari, gidaje sun zama kango, haya ta faɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga: matasa masu zane da masu waƙa marasa kuɗi suka cika unguwar.

Kristal ya raɗa wa gidan suna CBGB, haruffan farko na nau'o'in kiɗan karkara da na bulus da ya yi niyyar a riƙa yi a wurin. Waɗanda suka zo masa daban ne. A ƙarshen watan Maris na 1974, ƙungiyar Television ta fara wasa a can kowace Lahadi, ranar da babu ciniki. A ranar 16 ga Agusta na wannan shekara, samari huɗu daga unguwar Queens, masu kiran kansu Ramones, suka hau dandamalin gidan a karon farko. Waƙoƙinsu ba su cika wuce minti biyu ba, suna gama ɗaya mai bas ya ƙirga huɗu su afka wa ta gaba, har su gama wasan gaba ɗaya cikin ƙasa da minti ashirin. A 1975 Patti Smith, wadda ta fara da karanta rubutattun waƙoƙi, ta yi makonni tana wasa a gidan tare da Television. A watan Yuni na shekarar, Talking Heads suka yi wasansu na farko a matsayin masu share wa Ramones fage. Blondie ma a nan ta yi ƙarfi.

Waɗannan ƙungiyoyi ba salo ɗaya suke da shi ba. Abin da ya haɗa su shi ne ɗakin da ƙa'idarsa. Kristal ya nemi kowace ƙungiya ta kawo waƙoƙinta na kanta, ya kuma bar mata kuɗin ƙofa ko mafi yawansa, shi ya dogara ga cinikin abin sha. Ɗakin dogo ne, matsattse, mai duhu, ɗaukarsa bai fi mutum ɗari uku da ɗoriya ba, dandamalin kuma gajere ne. Makaɗin da ya sauka yakan koma cikin ƴan kallo ya saurari na bayansa. A daren da babu jama'a, yawancin masu kallon makaɗa ne na wasu ƙungiyoyi, kowa yana koyo daga kowa. Mai kuskure yana da damar dawowa mako mai zuwa ya gyara, domin babu wata babbar asara da aka yi.

Faifan farko na Ramones ya fito a watan Afrilu na 1976. An kashe dalar Amurka 6,400 wajen ɗaukarsa, yana da waƙoƙi 14 cikin kimanin minti 29. Bai yi kasuwa a lokacin ba, amma ya nuna cewa abin da aka koya a ƙaramin ɗaki yana iya hawa faifai ba tare da an yi masa kwalliya ba.

4.0 Ingila: daga ƴan kallo zuwa makaɗa

4.1 Wasan Manchesta

Ingila ma tana cikin wahala a tsakiyar shekarun 1970. Hauhawar farashi ta wuce kashi 20 cikin ɗari a 1975, marasa aikin yi sun haura miliyan guda, a 1976 kuma gwamnati ta nemi rance daga Asusun Lamuni na Duniya. A Landan akwai mashaya da dama masu ɗaki a baya ko a ƙarƙashin ƙasa, inda ƙungiyoyi irin su Dr. Feelgood suke buga rok mai sauƙi. Waɗannan ɗakuna ne pank ya gada.

Ƙungiyar Sex Pistols ta yi wasanta na farko a watan Nuwamba na 1975 a wata makarantar zane da ke Landan. A watan Afrilu na 1976 ta share wa wata ƙungiya fage a wata mashaya. Mawaƙin waccan ƙungiya, Joe Strummer, ya kalle su, ba da daɗewa ba ya bar tasa ya shiga The Clash.

Misalin da ya fi shahara ya faru ne a Manchesta. Wasu ɗalibai biyu, Howard Devoto da Pete Shelley, sun karanta labarin Sex Pistols a jaridar kiɗa, suka yi tattaki zuwa kudu suka gan su, sannan suka kama hayar wani ƙaramin zaure mai suna Lesser Free Trade Hall suka gayyato su. An yi wasan ranar 4 ga Yuni, 1976. Mutanen da suka halarta ba su fi arba'in ba. Amma cikinsu akwai Bernard Sumner da Peter Hook, waɗanda suka kafa ƙungiyar da ta zama Joy Division, daga baya New Order. Akwai kuma Morrissey, wanda ya zama mawaƙin The Smiths. Hook ya sha ba da labarin cewa washegari ya je ya sayi bas. Da aka sake wasan ranar 20 ga Yuli, su Devoto da Shelley suna kan dandamali da tasu ƙungiyar, Buzzcocks.

Abin lura a nan shi ne abin da ya motsa waɗannan matasa. Da yawa daga cikinsu sun bayyana cewa sun ga samari irinsu, masu tufafi irin nasu, suna kuskure a fili ba su damu ba. A filin ƙwallo, fitila da nisa suna ɓoye kuskure. A zaure mai mutum arba'in komai a bayyane yake, kuma bayyanar kuskuren ita ce ta ƙarfafa wa ƴan kallo gwiwa.

4.2 Gidan 100 Club da Roxy

A ranakun 20 da 21 ga Satumba, 1976, an yi bikin pank na kwana biyu a 100 Club, wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a titin Oxford da ake kiɗa a cikinsa tun 1942. Sex Pistols da The Clash da The Damned da Buzzcocks duk sun yi wasa. Wata budurwa daga cikin masu bin Sex Pistols, Siouxsie Sioux, ta ji cewa akwai gurbi, ta tara abokai suka hau suka yi kimanin minti ashirin suna ƙirƙirar amo nan take. Ƙungiyar da aka fara a wannan dare, Siouxsie and the Banshees, ta yi shekara ashirin tana aiki. Bikin bai ƙare lafiya ba: a dare na biyu an jefa kofin gilashi ya fashe, ya ji wa wata yarinya ciwo a ido, gidan ya dakatar da wasannin pank na wani lokaci.

Bayan wata hira ta zage-zage da aka yi da Sex Pistols a talabijin ranar 1 ga Disamba, 1976, hukumomin garuruwa da masu zauruka suka soke yawancin wasannin da ƙungiyar ta shirya. Wannan ya sa ƴan pank suka nemi gida nasu. Aka buɗe Roxy a unguwar Covent Garden, wadda a lokacin kasuwar kayan lambunta ta tashi ta bar shaguna babu kowa. The Clash ce ta yi wasan ranar 1 ga Janairu, 1977. Da yake faya-fayan pank ba su da yawa tukuna, mai sa faifai a gidan, Don Letts, ɗan asalin Jamaika haifaffen Landan, ya riƙa sa kiɗan rege tsakanin wasa da wasa. Daga nan kiɗan rege ya shiga kunnen makaɗan pank, ya kuma bayyana a faya-fayansu. Wannan cuɗanya ta taimaka wa ƙungiyar Rock Against Racism mai yaƙi da wariyar launin fata, wadda a ranar 30 ga Afrilu, 1978 ta tara dubun dubatar mutane a Victoria Park, inda The Clash da ƙungiyar rege ta Steel Pulse suka hau dandamali ɗaya. X-Ray Spex ma ta yi wasa ran nan, mawaƙiyarta Poly Styrene kuwa mahaifinta ɗan Somaliya ne.

4.3 Buga faifai da kai

A ƙarshen Janairu na 1977, Buzzcocks suka ranci kimanin fam 500 daga dangi da abokai, suka buga ƙaramin faifai mai waƙoƙi huɗu, Spiral Scratch, da sunan kamfanin da suka ƙirƙira wa kansu. Kwafi dubu suka fara bugawa, daga baya aka sayar da kusan 16,000. Wasu ƙungiyoyin da suka biyo baya har sukan rubuta a bangon faifai nawa suka kashe wajen ɗauka da bugawa, don na baya ya san hanya. Shagon Rough Trade da Geoff Travis ya buɗe a 1976 ya zama cibiyar rarraba irin waɗannan faya-fayai. Haka kuma ƙananan mujallu da masoya ke rubutawa da hannu su kwafa a inji, irin Sniffin' Glue, su ne ke sanar da inda za a yi wasa. Ɗaki, da faifai, da mujalla suka zama kasuwa guda wadda ba ta jiran izinin babban kamfani.

5.0 Amurka a shekarun 1980: hanya da ƙa'ida

A Amurka matsalar daban ce. Ƙasar tana da faɗi, kuma yawancin gidajen wasa mashaya ne, doka ta hana yara shiga. Wata dokar tarayya ta 1984 ta sa jihohi suka ɗaga shekarun shan giya zuwa 21. Masu son sabon salon pank mai tsananin sauri kuwa ƴan shekara 15 zuwa 18 ne. Saboda haka sai da suka samo wa kansu mafita.

A Washinton, ƙungiyar Bad Brains, baƙaƙen fata huɗu da suka ƙware a kiɗa ƙwarai, ita ce ta zaburar da yaran birnin. Cikinsu akwai Ian MacKaye da Jeff Nelson na ƙungiyar Teen Idles. A 1980 sun je wasa San Faransisko, inda wani mai gida ya yarda su shiga amma ya zana musu babbar alamar X a bayan hannu don kada a sayar musu da giya. Suka kawo wannan dabara gidan 9:30 Club da aka buɗe a Washinton a wannan shekara. Da ƙungiyar ta watse, suka ɗauki dala 600 da suka tara suka buga faifanta, suka kafa kamfanin Dischord. Da almakashi da gam suka haɗa bangon faya-fayan a gida. Inda babu kulob, sai a kama zauren coci, ko ɗakin taron unguwa, ko ƙarƙashin gidan wani.

A Kalifoniya, ƙungiyar Black Flag ta sha fama da ƴan sanda, gidaje da yawa suka ƙi karɓarta. Sai ta shiga ƙaramar motar bas ta riƙa zagaya ƙasar, tana wasa a garuruwan da babu wanda ke zuwa, tana kwana a ƙasan ɗakunan masoya. Lambobin wayar da ta tara na masu zauruka da masu masauki sai ta ba wasu ƙungiyoyi. Da haka aka shata hanya daga gabar teku zuwa gabar teku, wadda Hüsker Dü da Minutemen da Sonic Youth da ɗaruruwan wasu suka bi. Mawaƙin Black Flag da ya fi shahara, Henry Rollins, ɗan kallo ne daga Washinton: a 1981 ya hau dandamali a wani wasansu a Niyok ya rera waƙa guda, bayan ƴan kwanaki suka kira shi gwaji.

Ƙungiyar da ta mayar da wannan hali ƙa'ida ita ce Fugazi, wadda MacKaye ya kafa a 1987. Ta yi wasanni fiye da 1,000 kafin ta dakata bayan 2002. Ta tsaya kan cewa kuɗin ƙofa ya zama dala 5 a duk inda hakan zai yiwu, kuma kada a hana kowa shiga saboda shekarunsa. Ba ta sayar da riguna, ta ƙi tayin manyan kamfanoni. Idan wani ya fara bangazar mutane a gaban dandamali, sai a tsayar da kiɗa, a mayar masa da kuɗinsa, a nuna masa ƙofa. Dalilin haka shi ne, rawar ture-ture da ta zama al'ada a wasannin pank ta kori mata da marasa ƙarfi daga gaba. A farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin mata irin su Bikini Kill daga garin Olympia suka riƙa kiran ƴan mata su matso gaba, maza su ja baya. Wannan yana nuna cewa kusancin ƙaramin ɗaki bai isa shi kaɗai ya kawo adalci ba, sai da aka yi gwagwarmaya a kan wa zai tsaya a ina.

A garin Berkeley, masu mujallar Maximumrocknroll da wasu suka buɗe gidan 924 Gilman Street a daren ƙarshe na 1986. Ƴan sa-kai ne ke tafiyar da shi, ana yanke shawara a taro, ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariya, kuma ba a karɓar ƙungiyar da ke ƙarƙashin babban kamfani.

6.0 Lokacin da kasuwa ta waiwayo

A 1989 ƙungiyar Nirvana ta fitar da faifanta na farko a ƙaramin kamfanin Sub Pop na garin Siyatil, ɗaukarsa bai ci fiye da dala 600 da ƴan kai ba. A Satumba na 1991 ta fitar da Nevermind a wani babban kamfani, a Janairu na 1992 faifan ya kawar da na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Amurka. Nan take wakilan manyan kamfanoni suka cika ƙananan gidaje suna farautar ta gaba. Green Day, wadda ta taso a Gilman, ta sa hannu da babban kamfani, faifanta Dookie na 1994 ya sayar da fiye da miliyan 10 a Amurka, Gilman kuwa ya rufe mata ƙofa bisa ƙa'idarsa. Sai a 2015 ta sake wasa a can a hukumance, don tara gudummawa.

Muhawarar da ta biyo baya tana da nauyi a ɓangarori biyu. Makaɗin da ya yi shekaru yana kwana a ƙasa yana da haƙƙin neman abin da zai ciyar da iyali. Masu gidajen kuma suna ganin cewa su ne ke renon ƙungiya tun ba ta da kowa, ana asara, idan ta girma sai riba ta tafi wani wuri. Wannan ita ce matsalar ƙaramin gidan wasa har yau: shi ke shuka, wani ke girbi.

7.0 Haya, gobara da annoba

Unguwannin da araharsu ta haifi pank sun sauya. Sunan da makaɗa da masu zane suka yi musu ya jawo masu kuɗi, haya ta tashi. CBGB ya shiga rigimar haya da waɗanda suka ba shi hayar wurin a 2005, aka ƙi sabunta masa yarjejeniya. Patti Smith ce ta yi wasan ƙarshe ranar 15 ga Oktoba, 2006. Kristal ya rasu a 2007, a 2008 kuma aka buɗe shagon tufafi masu tsada a wurin. A Landan, saura kaɗan a rufe 100 Club a 2010. Paul McCartney ya yi wasa a ciki don jawo hankali, wani kamfanin takalma ya tallafa, a 2020 hukumar unguwar ta yafe masa harajin kasuwanci.

Idan gidaje masu lasisi suka ragu, matasa sukan koma tsofaffin ma'ajiyar kaya da ba su da hanyar fita. A Disamba na 2016 gobara ta kashe mutum 36 a wani taron kiɗa a irin wannan gini a garin Oakland, bayan haka hukumomi suka rufe wurare masu kama da shi a birane da dama. Annobar korona ta 2020 ta rufe gidajen wasa baki ɗaya na watanni masu yawa, har sai da majalisar Amurka ta ware dala biliyan 15 a ƙarshen shekarar don ceto wuraren wasanni masu zaman kansu. A Birtaniya, ƙungiyar Music Venue Trust, da aka kafa a 2014, ta ƙidaya ƙananan gidaje 125 da suka rufe ko suka daina kiɗa a 2023 kaɗai. Tun 2018 tsarin gine-gine na Ingila ya ɗora wa wanda ya gina sabon gida kusa da tsohon gidan wasa nauyin kare kansa daga ƙara, maimakon a tilasta wa gidan wasan ya yi shiru.

8.0 Hanyar ta iso Sahel

Wannan tarihi ya taɓa yankinmu ta wata kafa. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya kuma ƙware a wasannin biki na Agadas. Ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa na Amurka, Sahel Sounds, ya sa ɗaya daga cikinsu a wani tarin waƙoƙin wayar salula a 2011. Da Mdou Moctar ya fara yawon wasa a Amurka da Turai, ƙananan gidajen rok ne suka karɓe shi, mai bas ɗinsa Mikey Coltun kuwa ya taso ne a yankin Washinton, cikin al'adar da aka bayyana a sama. Faifansa Afrique Victime ya fito a 2021 a kamfanin Matador. Haka ƙungiyar Tal National ta Yamai, mai waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasa, ta fitar da Kaani a 2013 a wani kamfani mai zaman kansa na Ingila. Hanyar da samarin Kalifoniya suka shata da tsohuwar mota ita ce makaɗan Sahel suka bi bayan shekara talatin.

9.0 Kammalawa

An ga yadda matsin tattalin arziki a Niyok da Landan ya bar ɗakuna masu araha, yadda kusanci a cikin ɗakunan ya mayar da ƴan kallo makaɗa, da yadda matasan Amurka suka ɗinka ɗakunan suka zama hanya mai ƙa'idojinta. An kuma ga cewa tsadar haya ta rufe gidajen da ƴan sanda da hukumomi suka kasa rufewa. A yau kowa na iya sauraron kowace ƙungiya ta intanet, amma abin da ya faru a Manchesta a 1976 yana buƙatar mutane arba'in a ɗaki guda, da mai ɗaki wanda zai yarda ya yi asara a daren. Ɗalibin da zai nazarci kowane irin kiɗa, na gida ko na waje, ya kamata ya fara da tambayar inda ake yin sa, wa ke da wurin, nawa ake biya a ƙofa, kuma wa aka hana shiga.